Muryar Kaka a Bakin Hankaka

Duk wanda na sani ya yi kuskure a kan hankaka, har da ni. Tari kowa a unguwarmu a Tamanrasset, ko ɗan Maraɗi mai kanti ko Bakano mai jiran motar arewa, ka ce masa su wa ye dangin hankaka, zai ce maka ungulu da shirwa. Baƙi ne, yana cin mushe, muryarsa kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano, shi ke nan an yanke masa hukunci. To ƙarya ne. Hankaka ɗan gidan mawaƙa ne. Da shi da kanarin da Baba ke lallaɓawa a keji, babban gidansu ɗaya. Ungulu ko a garinsu ba ta kwana. Ban san haka ba sai bayan rasuwar Kaka, kuma har yau ban so hanyar da na bi na sani ba.

Kaka uwar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ke ce mini Uwata, ita kuma take ce mini Takwara. Da tsufanta Baba ya ɗauko ta daga Damagaram, kuma abin da ta fara rainawa a garin nan hankaki ne. Na gida suna da farin ƙirji. Na nan baƙaƙe ne ƙirin, sai ɗan ja-ja a wuya in rana ta haska. Takan tsaya a ƙofar gida ta dube su ta ce, "Ku dubi talauci. Hankaka guda, ko ƴar shara babu."

Amma ita ce ta shigo mana da ɗaya. Ta tsinto shi a bakin kori, busasshen rafin nan na gari, ɗan ƙarami, fiffike a karye, ta naɗe shi a gefen mayafi kamar jinjiri. Baba ya ce sam, ba a tsakar gidansa ba. Baba mai kiwon tsuntsayen waƙa ne, ya koya wajen Larabawan kasuwa. Yana da kanari, yana da maknin, wannan mai jan fuska da ƴan Aljeriya ke mutuwar so. Yadda yake renonsu ya fi yadda ya rene mu tsanani. In ya sami ɗan tsako, sai ya rataye kejinsa kusa da na tsohon gwani don ya ɗauki waƙa, ko ya kunna masa kukan wani gwanin a salula, ya rufe kejin da ƙyalle. Ba a kunna rediyo kusa da su. Ba a daka kusa da su. Ya ce kunnen tsuntsu buhu ne, abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Sai Kaka ta hau da nata bisa soro, bayan tankin ruwa. Ta ɗaure fiffiken da kara da tsumma. Ya warke a karkace, bai taɓa tashi ya wuce katanga ba. Kullum da hantsi sai ta ja ƙafa ta hau matakala, ta zauna ta huce, ta yi tarin nan nata mai kama da ana kankare tukunya, sannan ta ƙwala kira: "Takwara! Kawo ruwa!" Ni kuwa in cika roba in hau ina gunaguni. Tana ba shi guntun tuwo da hanjin kaza, tana ba shi labarin mutanen Damagaram da suka mutu tun ba a haife ni ba. Shekaru muna haka.

Ciwonta bai daɗe ba. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, Gwaggo, yayar Baba, ta iso daga Damagaram da ƙafafu a kumbure saboda hanya. Ni na ci gaba da hawa da ruwa da abinci, in ajiye in sauko. Tsuntsun ba ya ko kallona. Ya daina kuka ma gaba ɗaya.

Da baƙi suka watse, wata safiya ina wanke kwanuka a tsakar gida. Mama na tankaɗe. Gwaggo na kan tabarma da carbi. Baba ya fito da makullin kanti a hannu. Sai muka ji tari daga bisa. Tarin nan. Kafin kowa ya motsa sai muryar ta biyo:

"Takwara! Kawo ruwa!"

Ba wai mai kama da muryarta ba. Ita ce. Har da yadda take jan ƙarshen kalma don haƙoran gabanta sun zube. Kwanon da ke hannuna ya faɗi, ban ji ƙararsa ba. Na ga kaina a tsaye, na riga na kama roba. Mama ta zubar da gari a zaninta. Gwaggo ta hau salati. Baba kuwa ya taka taki biyu wajen matakala kafin ya tsaya, kamar wanda aka ja da igiya aka saki.

Babu wanda ya hau. Gwaggo ce ta fara samun baki. "Ƙishirwa take ji," in ji ta. "Alhaji, ka ji da kunnenka. Inna ruwa take nema. A yi mata sadakar ruwa yau ɗin nan."

Baba ya sayo sabuwar randa ya kafa a ƙofar gida, da moɗa, duk mai wucewa ya sha. Ranar ban hau soro ba, washegari ma Mama ta hana ni. Da hantsi ya yi, muryar ta sake fitowa. Wannan karon har da ƙara, kamar yadda Kaka ke yi in na yi jinkiri.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya san haka. Tsoro ma in ya daɗe haushi yake ba ni. Na ɗauki roba, Mama na riƙe mini hannu na fizge, na hau. Babu kowa bisa soron. Tabarmar Kaka na nan a naɗe jikin tanki. Hankakan na tsaye a kanta, kwanon ruwansa ya bushe ƙaf. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Sai ya sunkuya, gashin wuyansa ya kumbura, bakinsa ya ɗan buɗe kaɗan, uwar ubana ta yi tari daga cikinsa ta kira ni.

Wallahi da fatalwa na gani da abin ya zo mini da sauƙi. Fatalwa na san inda zan ajiye ta a kaina. Wannan kuwa tsuntsu ne mai ƙwarƙwata, wanda na sha kankare kashinsa. Na zube a ƙasa, ruwan ya malale mini a jiki. Shi kuma ya yi tsalle ya zo yana sha daga abin da ya rage a robar.

Na sauko na faɗa musu. Na ɗauka hankalinsu zai kwanta. Ina!

"Na san za a rina," in ji Gwaggo, tana tafa hannu. "Hankaka mai da ɗan wani naka! Ku faɗa mini, wa ya taɓa ganin ƙwan hankaka? Babu. Ƴaƴan wasu yake kwashewa ya mai da su nasa. To wanda ke satar ƴaƴa, satar murya ce za ta gagare shi? Ya zauna kusa da ita yana jira, da ranta ya fita ya cafke. Alhaji, ba zan hau mota in bar uwata a cikin tsuntsu ba. A kashe shi."

Da yamma Baba ya dawo da ƙullin maganin ɓera, ya ɗora bisa firij inda kowa zai gani, ya ce wa Mama ta ajiye masa guntun nama. Motar Gwaggo ranar Asabar ce. Kowa ya gane lissafin.

Na yi lekkol har lise, wato sakandare, a Damagaram, a gidan Gwaggon nan na zauna. Na faɗi bak, jarrabawar ƙarshe, ban sake ba, na dawo ina taya Baba kanti. Amma na tuna wani darasi da malaminmu ya zana bishiya a allo, ya rataye dabbobi a rassanta, kowa da danginsa. Na ɗauki salula na shiga ɗaki na nemi hankaka da Faransanci. Ni dai ina neman abin da zan ce wa Baba ne, ko da ƙarya ce mai kama da ilimi. Abin da na tarar ya sa na karanta sau biyu, na ɗauka Faransancina ne ya tsufa.

Bari in faɗa yadda na gane shi, da harshen zumunci, don shi muka fi ji. Akwai wani babban gari na tsuntsaye masu kama reshe, waɗanda ƙafarsu ke damƙe kara ta kulle ko suna barci. A cikin garin akwai babban gida, gidan mawaƙa. Ba daɗin murya ke shigar da tsuntsu gidan ba. Wata halitta ce can ƙasan maƙogwaro, inda hanyar numfashi ta rabu biyu, da kuma hali guda: ba a haifarsu da waƙa cikakkiya, ji suke yi su koya. Kanari na ciki. Maknin na ciki. Hankaka na ciki, shi ne ma ƙaton gidan. Ungulu da shirwa da shaho, waɗanda muke haɗa shi da su, ko hanyar garin ba su sani ba.

Gidan kuma ɗaki-ɗaki ne, nan abin ya ƙara ɗaure mini kai. Da an tambaye ni ƙanin hankaka, da mula-mula zan nuna, ɗan baƙin nan mai farar hula da ke sauka a katanga, wanda Buzaye ke cewa albishir yake kawowa. Ashe shi ɗan wani ɓangare ne can nesa, ya fi kusa da su kanari. Ƴan ɓangaren hankaka na kusa su ne wannan mai ruwan toka da kwalli a ido, wanda ke soke fara a jikin ƙaya kamar mai tsire, da wani rawaya shar da ke ratsa garkunan dabino in lokacin wucewarsa ya yi. Har da suda. Suda tamu ta gida, wadda in mace ta cika magana ake kiranta da sunanta. Dangin surutu ne gaba ɗayansu. Mu ne muka dubi riga muka raba zumunci.

Na fito na same su a tsakar gida, Baba na wanke kejuna, Gwaggo na tsince zogale. Ban yi sallama ba ma.

"Baba, hankakan nan ba sata ya yi ba. Koyo ya yi. Irin na kanarinka."

"Ji mini ƴa," in ji Gwaggo. "Lekkol ɗin da kika kasa ƙarewa ne ya taso?"

"Gwaggo, ɗan'uwan suda ne. Ga shi a rubuce."

"Suda? To ai ke ce ƙanwarsu, shi ya sa kike kare shi."

Na nuna mata hoton sheƙar hankaka, da ƙwai a ciki, kore-kore masu ɗigo. Ta karɓi salular ta nisanta da ido, ta duba da kyau, ta miƙo mini. "Na wani ne ya sato aka ɗauke shi hoto. Kin ga sunansa a jiki?"

Mama ta yi dariya ta toshe baki, dariyar farko a gidan tun rasuwar. Ni ban yi ba. Wani abu ne ya faɗo mini a lokacin, na juya wajenta. "Mama, kin tuna bara? Sau nawa nake hawa da ruwa Kaka ta ce wa ya kira ki? Har muka ce ta fara ruɗewa?" Mama ta sauke hannu daga baki. Ta tuna. Akwai ma ranar da na hau da roba na tarar babu kowa, Kaka na ɗaki tana barci, na ce kunnena ne. "To tun tana da rai yake yi," na ce. "Tana zaune kusa da shi yake kirana da muryarta. Me ya cafke ranar da ta rasu?"

Gwaggo ta ce shaiɗan ba ya rasa dabara. Baba ya rataye kejin da ke hannunsa, ya goge hannu a riga, ya ce, "Uwata, zo." Ya nufi matakala. Tun da aka kawo tsuntsun gidan bai taɓa hawa ya dube shi ba.

Hankakan ya ja baya da ya ga baƙo. Baba ya tsuguna nesa kaɗan, ya dube shi irin kallon da yake yi wa tsuntsu a kasuwa, daga ƙafa zuwa wuya. Ni ina tsaye ina zuba: gida, ɗaki, maƙogwaro, suda. Can tsuntsun ya gaji da mu, ya hau tabarmar, ya kumbura wuya ya yi tarin. Bai ma kai ga kiran ba. Baba ya zauna daɓas a kan siminti, ya rufe fuska da hula.

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko a maƙabarta an ce bai yi ba.

Da ya sauke hular ya ce, "Kin ɗauka ban sani ba?"

"Ka san me?"

"Tun ranar da kika sauko kika ce shi ne, na gane. Shekara nawa ina ɗura wa tsuntsu waƙa a kunne? Sunayen ɗakunan nan naki ne ban sani ba. Amma tsuntsun da ya ji abu kullum da hantsi ya riƙe, wannan ai sana'ata ce."

"To maganin ɓeran fa? Don Gwaggo?"

"Bar Yaya, ita tsoro take ji. Ni ba tsoro ba ne." Ya dubi tabarmar. "Inna ta kira, ƙafata ta tashi kafin hankalina. In je kanti, ina auna wa mutum shinkafa ina jin ta. Kowace safiya sai ta mutu mini sabuwa. Ba zan iya ba."

Wannan ya fi muryar girgiza ni. Na kwana biyu ina wasa wuƙa don in yaƙi jahilci, ashe babu jahilci a wurin. Duk abin da na karanto ba shi da amfani ga mutumin da ya riga ya yarda da shi.

Na ce, "Baba, ita ce kaɗai ta rage. Ba mu da muryarta ko a salula. Kullum muka ɗaga sai ta ce mu kawar mata da abin nan."

"Na sani."

"Kuma shi bai yi laifin komai ba."

"Shi ma na sani. Ban ce dole ya mutu ba. Na ce ba zan ƙara jin sa a gidan nan ba. Ranar da Yaya za ta tafi, ko kin fitar da shi ko ni in hau da nama." Ya miƙe yana dafa tanki. A bakin matakala ya juyo. "Kuma kar ki ruɗi kanki. Duk inda kika kai shi zai ji awaki, ya ji inji, ya ji wasu mutane. Tsuntsun da ya daina jin waƙa, waƙar na iya zube masa kaɗan-kaɗan. Wata rana ki je ya yi miki kukan akuya."

Ya sauka ya bar ni da shi. Na ciro salula na danna ɗaukar murya, na miƙa masa kusa, na ce yi magana. Ya dube ta, ya kai mata sara har gilashin ya tsage a gefe, ya juya mini baya. Halin mai shi sak.

Ba a sakin tsuntsu mai karyayyen fiffike, karnukan kori za su gama da shi kafin azahar. Mutum ɗaya na sani da zai karɓe shi. Kaka na da ƙawa a ƙauyen Tit, ba nisa da gari, wata tsohuwar Buzuwa ƴar Agadez, da ke zaune da ƴaƴanta a garka ƙarƙashin dabino. Ita ce ke aiko mata da tumatir, in ta shigo gari su hau soro su yi ta Hausa suna zagin zamani. Ta san tsuntsun, har tana ce masa mijin Kaka. Na kira ɗanta, ya ba ta salula. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Da na gama sai ta ce, "Kawo shi, ƴata. Ni ina so in ji ta."

Na sauko na ɗauke ƙullin maganin daga bisa firij a gaban kowa, na zuba a masai. Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi Baba, Baba na kallon kanarinsa. Na ce mata kafin motarta ta tashi babu hankaka a gidan, ta tafi da kwanciyar hankali. Randar ƙofar gida kuwa a bar ta, sadaka ba ta ɓaci.

Na riga na san abin da zan yi. Da sassafe, kafin ya farka sosai, zan hau in kife tsohon kwando bisa salular a bayan tanki, in bar ta tana ɗaukar murya. Zan hana shi ruwa har hantsi, Allah ya yafe mini, sai ya kira. In na samu, in huda kwali in sa shi, in tari taksin Tit. Kuma duk ranar da kanti ya sake ni zan je garkar, in zauna kusa da shi in kunna masa, yadda Baba ke yi wa ƴan tsakinsa, don kada ya manta. Zan kwafi muryar in ajiye wa Baba tasa a wani wuri, ba zan gaya masa ba sai ranar da ya tambaya.